No Man's Sky: Ya kai a tara masa kuɗin tara?

A shagunan gem na Doka da kewaye, ƙwallo ce ke ci: minti goma, ka ci ko a ci ka, ka ba na gaba wuri. No Man's Sky ba haka yake ba. Za ka farka a wata baƙuwar duniya da lalataccen jirgi, ka haƙo ma'adinai, ka gyara shi, ka tashi sararin samaniya. Daga nan kai ne mai zaɓen inda za ka nufa.

Kamfanin Hello Games na Ingila ne ya fitar da shi a Agustan 2016. Duniyoyinsa? Ku rubuta 18, ku jera sifiri 18 a bayanta! Lissafin kwamfuta ne ke ƙera su. Da farko masu saye sun fusata, don abubuwa da dama da aka yi alkawari babu su. Kamfanin ya yi ta gyara kyauta, har a 2018 ya kawo cikakken wasa tare da abokai.

To, daɗin yana ɗorewa? A ganinmu, ga mai son gina sansani da tsara wa kansa aiki, ƙwarai. Mai jiran a ce masa "ka yi nasara" kuwa, bayan duniya ta ashirin zai fara hamma, don sukan yi kama da juna.

Ba ya hawa wayar Android. Sai PlayStation, Xbox, Switch ko kwamfuta mai ƙarfi, ga data, ga jiran wuta. Mu dai shawararmu, ku fara gwadawa wurin mai shi, kuma 'yan SS3 su bari sai bayan WAEC.