Yadda Ake Zama Ɗan Ikilisiya

Idan aka tambayi ɗalibi, "Kai ɗan wace ikilisiya ne?" nan da nan zai ce ECWA, ko COCIN, ko Baftis. Amma in aka ƙara tambayarsa ko sunansa yana cikin littafin membobi na ikilisiyar garinsu, sai ya yi shiru. Da yawa suna tsammani tun da an haife su a gidan masu bi, suna kuma zuwa sujada kowace Lahadi, shi ke nan sun zama membobi. Ba haka ba ne. Ƙofar majami'a a buɗe take ga kowa, amma zama ɗan ikilisiya yana da hanyarsa.

Bari mu ɗauki ECWA misali. Tushenta aikin mishan na SIM ne, wanda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka soma sa'ad da suka sauka a Legas a 1893. A 1954 ne ikilisiyoyin da aka kafa suka haɗu a ƙarƙashin sunan ECWA, hedkwatarta kuwa tana Jos. Duk da haka ba a Jos ake karɓar mutum ba. Ana karɓarsa a ikilisiyar unguwarsu ko ƙauyensu, watau LCB, inda fasto da dattawa suka san shi, suka san gidansu.

Abu na fari shi ne tuba da ba da gaskiya ga Yesu Almasihu. Wannan ba wanda zai yi wa wani. Bangaskiyar uba ba ta isa ɗa, shi ya sa a ECWA ba a yi wa jarirai baftisma, sai dai iyaye su miƙa su ga Ubangiji. Wanda ya ba da gaskiya sai ya je ya faɗa wa fasto ko ɗaya daga cikin dattawa, a sa shi a ajin baftisma. A can za a koya masa abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa game da Allah, da zunubi, da ceto ta wurin alheri, da ma'anar baftisma da Jibin Ubangiji, da kuma zakka da baiko.

Bayan aji sai ganawa da dattawa, kuma nan ne gaban matasa yakan faɗi. Gaskiya ne za su yi tambaya a kan abin da aka koya, amma wannan ba jarrabawar WAEC ba ce da hadda za ta fid da mutum. Abin da suke so su ji shi ne yadda ya sadu da Almasihu, da abin da ya sāke a zamansa. Sukan kuma bincika halinsa a gida da unguwa. Yaron da ya iya ayoyi ashirin da ka amma ba ya gaida mahaifiyarsa, ana iya ce masa ya dakata tukuna. A ganina dattawan da suke yin haka suna taimakonsa ne.

Ana yin baftisma ta wurin nutsarwa cikin ruwa, a kogi ko a wurin da aka gina domin haka, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ruwan ba ya ceton kowa. Shaida ce a gaban jama'a cewa mutum ya mutu ga zunubi ya kuma tashi tare da Almasihu, kamar yadda Bulus ya bayyana a Romawa sura 6. Daga nan sai a rubuta sunansa, a ba shi kati, ya soma cin Jibin Ubangiji tare da 'yan'uwa.

Memba yana da bakin magana a taron ikilisiya, yana kuma da hannu a zaɓen dattawa. Amma ya kuma sa kansa a ƙarƙashin kulawarsu ke nan. In ya fāɗi cikin zunubin da ya fito fili, za a sa shi horo, a dakatar da shi daga Jibi da hidima har ya tuba. Nufin horo shi ne a komo da ɗan'uwa cikin tawali'u, bisa ga Galatiyawa 6:1.

Ku ɗalibai, akwai abu biyu da suka shafe ku musamman. FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, ta taimaki matasa masu yawa su tsaya cikin bangaskiya, amma zumunta ce ta 'yan makaranta, ba ta ɗauki matsayin ikilisiya ba. Ranar da kuka gama karatu za ku bar ta a baya. Na biyu, wanda ya riga ya zama memba, in karatu ko aiki ya kai shi wani gari, kada ya tafi hannu wofi. Ya karɓi takardar shaida daga faston garinsu, ya miƙa wa faston inda ya sauka tun makon farko. Wanda kuwa bai yi baftisma ba tukuna, in ya koma gida dogon hutu, ya tambayi sakataren ikilisiya ranar da sabon aji zai soma.