Labarin ambaliya ya riga ruwa isowa

Manoma, teku tana nesa da mu, amma 'ya'yanmu suna ci-rani a Legas da Kwatanu. Daga 1901 zuwa 2018, ruwan teku ya ƙaru da santimita 20, saboda duniya tana ɗumama. Masana sun ƙera taswira a cikin salula. Mutum ya taɓa unguwarsa da yatsa, sai ya ga inda ruwa zai kai.

Ɗumamar nan ce take ƙara ƙarfin ruwan sama a nan. Ran 30 ga Agusta 2024, ruwa ya rusa gidaje a birnin Maraɗi, an rasa rayuka. Gulbin Maraɗi da ke ratsa Gidan Rumji daga Najeriya yake tasowa. Yana iya cika ko ba a yi ruwa a garinku ba. A Agye da Gazawa kuma, ruwa yakan kwanta ya ci ginin ƙasa.

A kogin Sirba, cikin jihar Tillaberi, an kafa na'urar auna ruwa mai aika labari ta intanet. A ƙauyuka aka kafa sanduna masu launi: kore lafiya lau, ja a tashi. Wanda bai yi karatu ba ma ya gane.

Don haka ku saurari hasashen yanayi a rediyo. Wanda saƙo ya iso wa a salula, ya kai wa mai gari, a yi shela. Ku kafa rumbu a tudu. Bayan ambaliya, ku tafasa ruwan sha, domin gudun kwalara.