Idan tagar umarni ta VS Code ta tsaya cak: inda ya kamata a fara dubawa

Ɗalibi mai koyon rubuta manhaja ya buɗe Visual Studio Code, ya kira tagar umarni, wadda ake ce wa Terminal, sai ga baƙin fili babu ko harafi, sai ɗan sandar rubutu da ke ta ƙyaftawa. Ga aikin da malami ke jira, ga batirin kwamfuta na sauka tun da aka ɗauke wuta. Da yawa a nan sukan goge manhajar su sake sauko da ita, su ƙona kuɗin intanet a banza, matsalar kuma tana nan daram.

Dalili shi ne, sau da yawa laifin ba na VS Code ba ne. Wannan manhaja da kamfanin Microsoft ya fitar a shekarar 2015, taga kawai take buɗewa. Mai karɓar umarnin wata manhaja ce dabam: PowerShell a kan Windows, bash a galibin Linux, zsh a kan Mac. Kafin ta ce ta shirya, kowacce sai ta karanta fayil ɗinta na farawa, layi bayan layi. Na bash shi ne .bashrc, na zsh kuma .zshrc. In layi guda ya maƙale, duk na bayansa sai su jira.

Saboda haka gwajin farko a wajen VS Code ake yin sa. A buɗe tagar umarni ta kwamfutar, a rubuta bash --norc --noprofile, ko zsh -f, ko powershell -NoProfile. Wannan na tayar da manhajar ba tare da ta karanta fayil ɗin ba. In ta tashi nan take, to an gano gidan ɓarawo. Sai a buɗe fayil ɗin, a sa alamar # a gaban layukan da ake zargi, ana gwadawa ɗaya bayan ɗaya.

Waɗanda aka fi kamawa su ne layukan da wasu kayan aiki ke ƙarawa da kansu lokacin girka su, irin su nvm da conda, masu jan lokaci kafin su kammala. Sun fi muni layukan da ke neman wani abu a intanet. Wanda ya rubuta su yana zaune ne inda layi ba ya yankewa. A Maradi ko Tawa, ranar da sadarwa ke jan ƙafa, layin zai yi ta jiran amsar da ba ta zuwa. Masu Windows ma ba su tsira ba: fayil ɗin farawa na PowerShell yana cikin jakar Documents, wadda OneDrive kan kwashe zuwa intanet, ta bar sunan kawai a kwamfuta. Akwai kuma masu sa exec zsh ko tmux a cikin .bashrc, abin da kan rikita VS Code.

In kuwa komi na tafiya daidai a waje, sai a cikin VS Code kaɗai yake tsayawa, to nan ne za a juyo kansa. A rufe shi, a tayar da shi da code --disable-extensions. In tagar ta buɗe, ɗaya daga cikin ƙarin manhajojin da aka ɗora masa ce mai laifi. In ba ta buɗe ba, a shiga saituna a kashe terminal.integrated.shellIntegration.enabled, wanda ke cusa ƴan layukansa a cikin manhajar umarni yayin tashi. A tsofaffin kwamfutoci, irin na hannu da suka cika kasuwa, wani lokaci umarni na aiki amma rubutun ne ba ya fitowa. Maganin shi ne a mayar da terminal.integrated.gpuAcceleration zuwa off.

Masu amfani da Linux a cikin Windows ta hanyar WSL su fara da wsl --shutdown a PowerShell, sannan su sake buɗe tagar. Kafin a taɓa .bashrc kuma, a ajiye kwafinsa da wani suna, don kuskuren harafi guda a ciki na iya hana tagar tashi gaba ɗaya.