Tafintan da ke cikin wayoyin Gomari

A unguwar Gomari da ke Maiduguri, daga masu POS na bakin titi zuwa rumfunan cajin waya na wajen filin jirgi, akwai kukan da ake yawan ji: "Manhajar ta fita da kanta." Mutum na tsaka da tura kuɗi, ya leƙa WhatsApp ya kwafo lambar asusu, ya dawo ya tarar manhajar banki ta koma farko. Wani ya ce bairos ne, wani ya ce a kai wa mai gyara ya yi mata filashin. Sau da yawa kuwa wayar lafiyarta ƙalau. Wani ɗan saƙo ne aka aika wa manhajar daga can cikin wayar, wanda masana kwamfuta ke kira sigina, kuma babu abin da ya haɗa shi da sabis na kira.

Kowace wayar Android, har da yawancin na'urorin POS masu allon taɓawa, tana tafiya ne a kan kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991. Kanel shi ne ke raba wa manhajoji lokacin aiki da wurin ajiya, shi ne kuma ke tsawatar musu. Hanyar tsawatarwar ta girmi Linux, gado ce daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a Bell Labs ta Amurka a 1969. Sigina a asalinta lamba ce kawai. Lamba 15, SIGTERM, na cewa "kimtsa ki rufe", manhaja kuma tana da damar adana aikinta. Lamba 11, SIGSEGV, na zuwa idan manhaja ta taɓa wurin ajiyar da ba nata ba. Lamba 9, SIGKILL, ba a roƙonta, ba a kauce mata, manhajar ma ba ta sanin ta zo. Ita ce Android ke aika wa manhajar da aka bari a baya idan ram ya cika, kuma a wayar da ram ɗinta bai wuce gig 1 ko 2 ba, cikar ba ta da wuya. Abin da ya sami mai tura kuɗin nan ke nan.

Wannan shi ne ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana wurin siginar da manhaja ke da ikon amsawa. Tana iya sauka a kowane lokaci, ko da manhajar tana tsakiyar lissafi. Sai kanel ya dakatar da ita, ya kwashe duk abin da ke cikin rajistocin furosesa a daidai wannan lokacin, ya jera su a ma'ajiyar manhajar bisa wani tsari sananne, sannan ya tura ta wurin da ta tanada don amsa sigina. Idan ta gama, kanel ya mayar da komai mazauninsa, ta ci gaba kamar ba a taɓa ta ba. Unix na farko bai iya wannan da kyau ba, sigina kan ɓace idan biyu suka zo a jere, sai da jami'ar Berkeley ta gyara a 1983, ƙa'idar POSIX ta 1988 kuma ta daidaita shi.

To yaya za a yi idan an rubuta manhajar don wani tsari, amma tana gudana a kan wani? Nan ne sashen daidaitawa ke shigowa, kuma aikinsa aikin tafinta ne. Mutumin Maiduguri ya san wannan aiki, don a Kasuwar Monday cinikin da ya haɗa Babarbare da Shuwa da Bahaushe kan lalace idan mai fassara ya sauya adadi ɗaya.

Tafintan da ya fi kusa da mu yana cikin wayoyin da furosesansu mai bit 64 ne amma suna ɗauke da manhajoji masu bit 32. A tsarin ARM na bit 32 akwai manyan rajistoci 16, a na bit 64 akwai 31, kowanne kuma ya ninka faɗi. Adireshin wurin ajiya baiti 4 ne a can, 8 a nan. Idan kanel mai bit 64 ya jera wa tsohuwar manhaja bayanan sigina da nasa salon, za ta karanta shirme ta faɗi nan take. Don haka Linux ke da fayil guda, signal32.c, wanda aikinsa kenan: ya gina bayanan da tsohon fasali, ya kuma karɓe su da tsohon fasali. Android kuwa ya dogara da sigina fiye da yadda ake zato. Idan manhaja ta yi daƙiƙa 5 ba ta amsa taɓawa ba, kafin ka ga tambayar ko a jira ko a rufe, tsarin kan aika mata lamba 3 don ta bayyana inda ta maƙale.

Misalin da ya fi nuna hatsarin yana wurin FreeBSD, ɗan'uwan Linux a gidan Unix, wanda tun tsakiyar shekarun 1990 yake iya gudanar da manhajojin Linux ba tare da an sake haɗa su ba. Lamba 9 da 15 ɗaya suke a tsarukan biyu. Amma lamba 19 a Linux na nufin "tsaya", a FreeBSD kuma tana nufin "ci gaba". Lamba 17 a FreeBSD ita ce "tsaya", a Linux kuwa sanarwa ce cewa wani ƙaramin aikin da manhaja ta ƙaddamar ya ƙare. Dole tafinta ya juya lambar a shiga da fita, har cikin jerin siginonin da manhaja ta ce a riƙe mata tukuna. Akwai ma wadda ba ta da takwara: Linux na da SIGPWR, ta sanar da ɗaukewar wuta, FreeBSD ba shi da ita, sai an nema mata gurbi. A Maiduguri, garin da ya shiga duhu a Janairun 2021, lokacin da 'yan ta'adda suka karya turakun layin wutar Damaturu, aka yi ta fama har aka buɗe tashar lantarki ta iskar gas mai megawat 50 a Maris 2023, ba na ganin wannan sigina ƙarama ce.

Aikin na da nauyi har ga manyan kamfanoni. Microsoft ya fito da WSL a 2016 yana fassara buƙatun Linux ɗaya bayan ɗaya cikin Windows, zuwa 2019 ya sanar da WSL 2, wanda ya ɗauko kanel ɗin Linux ɗungurungum.

Abin da ke damuna shi ne duniya ta fara sallamar tafintan bit 32. Tun 1 ga Agusta 2019 Google Play ya wajabta wa sababbin manhajoji su zo da nau'in bit 64. Wayar Pixel 7 ta 2022 ta fito ba ta karɓar manhajar bit 32, sababbin ƙirar furosesa na Arm daga 2023 ma sun bar ta. Masu ƙira na da hujja, don kowane layin fassara ƙofa ce da kuskure ko ɓarawo zai iya bi. Sai dai a Gomari waya ba ta ritaya da wuri. Takan tashi daga hannun uba zuwa ɗa, a canja mata allo da batir, manhaja kuma ta bi ta manhajar tura fayil ta Xender daga waya zuwa waya. Ƙananan wayoyi da yawa masu Android Go har yau bit 32 suke gudanarwa. Ranar da masu rubuta manhaja suka daina fitar da wannan nau'in, mai irin wannan wayar ne zai ga an rufe masa ƙofa, ba tare da an gaya masa dalili ba.

Shi ya sa nake ganin duk mai rubuta manhajar banki, ko ta rajistar tallafi, ko ta asibiti don mutanen Borno, ya kamata ya ci gaba da fitar da nau'i biyun, ya gwada a kan waya mai gig 1, ya kuma sa manhajar ta adana abin da mutum ya cika tun lokacin da ya juya mata baya, tunda lamba 9 ba ta sallama. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat kuma ba sa buƙatar izinin kowa kafin su ga yadda abin yake. Rubutun Linux a buɗe yake kyauta, fayil ɗin signal32.c yana cikin babban fayil na arm64, kuma umarnin kill -l a kowace kwamfuta mai Linux zai jero musu siginonin da lambobinsu.