Hayar ɗan lambu a biranen Jamus

A Jamus, mai zaman gidan bene da ba shi da ko taku ɗaya na fili yana iya samun lambunsa a cikin gari. Filin galibi na hukumar birni ne, amma ƙungiyar masu lambu ke raba shi. Mutum zai yi rajista, ya shiga layi, sannan ya yi haƙuri: a Berlin, mai lambuna kusan 70,000, jira yakan ɗauki shekaru.

Wata dokar tarayya ta 1983 ta ce kada filin kowane ɗan haya ya wuce murabba'in mita 400, ɗakin hutawa da ke cikinsa kuma 24, kuma ba a mayar da shi mazauni. Kusan sulusin filin na kayan lambu da 'ya'yan itace ne, don cin gida.

Abin da ya fi burge ni shi ne kuɗin haya. Ba ya wuce ninki huɗu na abin da manoman kayan lambu na yankin ke biya, shi ya sa mai ƙaramin albashi ke iya riƙewa. Nauyin yana wajen shiga, domin sabon ɗan haya ne ke biyan wanda ya tashi kuɗin ɗakin da itatuwan da ya bari.