Labarin Wasan da Bai Fito Ba: Tsakanin Riwaya da Ƙila-wa-ƙala

A cikin watan Yuni na shekarar 2018, lokacin taron nan da kamfanonin wasannin kwamfuta suka saba yi kowace shekara a birnin Los Anjalas na ƙasar Amurka, wanda ake kira E3, wani kamfani mai suna Bethesda ya nuna wa jama'a guntun majigi da tsawonsa bai kai minti ɗaya ba, babu mutum a cikinsa, babu dabba, babu magana, sai duwatsu da hazo da gaɓar teku, daga bisani suna ya bayyana: The Elder Scrolls VI. Iyakar abin da aka nuna ke nan. Amma tun daga wannan dare, har shekara bakwai suka shuɗe ba a ƙara ko hoto ɗaya a kai ba, dubban mutane ba su gushe ba suna bin ɗan majigin nan daki-daki, suna duba inda inuwa ta faɗi don su gane gabas da yamma, suna gwada gaɓar tekun da taswirar duniyar wasan, har da yawa daga cikinsu suka tsaya a kan cewa labarin zai gudana ne a Hammerfell, wata ƙasar hamada ta ƙage wadda mutanenta baƙaƙe ne ma'abota takobi. Kamfanin bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Wanda bai san sha'anin ba zai yi mamakin yadda baligai masu hankali za su ɓata lokaci a kan haka, don haka ya kamata a fara bayyana ko wane irin wasa ne. Ba irin ƙwallon da samarinmu suke bugawa a gidajen gem na unguwa ba ne, wanda ake gamawa cikin minti goma a miƙa wa na gaba. Wannan shi ne wasan shiga rigar jarumi, wanda masu yinsa suke taƙaita sunansa da RPG: mutum ya zaɓi wanda zai zama, mayaƙi ko ɗan fatauci ko ɓarawo, ya shiga wata duniya mai sarakunanta da tarihinta da rigingimunta, ya yi ta tafiya cikinta sa'a hamsin ko ɗari, ƙarfinsa na ƙaruwa, abin da ya zaɓa jiya kuma yana biyo shi gobe. Asalinsa ma da takarda da fensir aka fara, da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, kafin abin ya koma cikin na'ura, Japanawa su ɗauke shi su yi nasu salon da Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987. To, wanda ya zauna cikin irin wannan duniya wata da watanni, ya san garuruwanta kamar yadda ya san lungunan unguwarsu, ba abin mamaki ba ne ya ƙagu ya ji inda za a dosa. Skyrim, wanda shi ne na biyar a jerin Elder Scrolls, ya fito ranar 11 ga Nuwamba 2011, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 60; ma'abota jiran na shida ba 'yan kaɗan ba ne.

Matsalar ita ce gina irin waɗannan wasanni ya zama aiki mai tsawon gaske. A da mutum goma ko ashirin kan gama ɗaya cikin shekara guda. Yau sai ɗaruruwan ma'aikata, masu zane da marubuta da masu tsara lissafin na'ura da masu ba da murya, su shafe shekara biyar ko shida, a kashe miliyoyin daloli. Tsakanin ranar sanarwa da ranar fitowa akwai sarari mai faɗi, kuma ɗan Adam bai iya barin sarari babu komai ba, sai ya cika shi da zance. Su kansu kamfanonin ba don Allah suke saurin sanarwa ba. Wani yana so masu hannun jari su kwantar da hankali, wani yana neman ƙwararrun ma'aikata su ji labari su zo, wani kuwa ya gaji ne da tambaya. Todd Howard, jagoran aikin a Bethesda, ya faɗa a 2023 cewa da za a sake, da bai sanar da wasan ta wannan hanya ba.

Malaman hadisi, Allah Ya saka musu da alheri, sun bar wa duniya wani ma'auni da amfaninsa ya wuce fagen da aka kafa shi dominsa, wato a tambayi labari isnadinsa kafin a dubi daɗin mataninsa: wa ya faɗa, daga wa ya ji, an taɓa kama shi da ƙarya ko kuwa. Ba ina haɗa darajar wancan ilmi da sha'anin wasa ba ne, haihata, amma ma'aunin ya dace, domin labaran wasannin da ba su fito ba su ma hawa-hawa ne, kuma abin da ya auku a ƙarshen 2013 ya isa misali.

A watan Nuwamba na 2013 wani shafi ya ɓulla a intanet mai suna TheSurvivor2299, da agogo yana ƙirga kwanaki zuwa 11 ga Disamba, da saƙonni a ɓoye cikin lambobi da ƙarar wayar tangaraho. Nan da nan aka ce ai Bethesda ce take shirin sanar da Fallout 4. Mutane suka hana idonsu barci suna warware lambobin, kowane saƙo ya fito a yi masa sharhi, a yi wa sharhin ta'aliki, jaridun wasanni kuma suna ɗauka suna yaɗawa, da yake kowa na tsoron a riga shi. Kamfanin ya yi shiru na makonni, shirun nan kuwa aka ɗauke shi hujja. Sai a farkon Disamba ya ce ba shi da hannu, wanda ya ƙirƙiri shafin kuma ya fito ya amsa cewa shi kaɗai ya ƙaga abinsa. Wannan shi ne maudu'i tsantsa, labarin da ba shi da asali. Abin sha'awa, kwana kaɗan bayan haka wani ɗan jarida, Jason Schreier, wanda a lokacin yake aiki da Kotaku, ya buga cewa ya samu takardun neman masu ba da murya, kuma sun nuna lalle ana aikin Fallout 4, labarinsa a birnin Boston. Jama'ar da aka gama yaudara suka karɓi wannan da shakka, alhali shi ne na gaskiya: a watan Yuni 2015 aka sanar da wasan, a Boston ɗin, ya fito a Nuwamba. Cikin wata guda ƙarya da gaskiya suka zo a kan abu ɗaya, aka rungumi ƙaryar domin ta zo da ado, aka yi wa gaskiyar kallon hadarin kaji. Bambancinsu kuwa a fili yake ga mai lura, domin ɗaya ba a san mai faɗarsa ba, ɗaya kuwa mutum ne da sunansa, wanda in ya yi ƙarya abincinsa ne zai zube.

Sama da riwayar ɗan jarida akwai takardar da ta kuɓuce daga hannun masu ita. A Satumba 2021 wani mai bincike ya gano jerin sunayen wasanni cikin rumbun GeForce Now na kamfanin Nvidia, da yawa ba a taɓa jin su ba. Nvidia ta ce wasu sunayen hasashe ne kawai, amma sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya: sabon gyaran Chrono Cross a Afrilu 2022, sanarwar Kingdom Hearts IV a cikin wannan watan, sabon gyaran Final Fantasy Tactics a 2025. Haka kuma a Satumba 2023, cikin shari'ar da hukumar kula da ciniki ta Amurka ta yi da Microsoft kan sayen Activision Blizzard, aka ɗora wasu takardu a shafin kotu bisa kuskure ba tare da an rufe sirrinsu ba, cikinsu har da jadawalin ayyukan Bethesda, wadda ke ƙarƙashin Microsoft. A nan ne mai hankali zai ga iyakar irin wannan hujja. Jadawalin tsoho ne, na 2020. Ya ambaci sabon gyaran Oblivion, ɗaya daga cikin jerin Elder Scrolls, a shekarar kuɗi ta 2022, bai fito ba sai Afrilu 2025. Ya sa The Elder Scrolls VI a 2024, shekarar ta zo ta wuce. Takardar sahihiya ce, ba wanda ya ƙaga ta, sai dai abin da ta riwaito niyya ce ta wata rana, niyya kuwa tana sauyawa.

To, saura maganar kamfani da bakinsa, wadda a zahiri ita ce mafi ƙarfin isnadi, tun da babu kowa tsakaninka da mai abu. A ganina nan ne aka fi cutuwa, domin mai riwayar yana da maslaha cikin abin da yake riwaitowa. Kamfanin CD Projekt Red na birnin Warso a ƙasar Folan, wanda ya yi suna da The Witcher 3 a 2015, ya sanar da Cyberpunk 2077 tun 2012. A 2019 ya kawo ɗan wasan fim Keanu Reeves kan dandamali ya faɗi ranar fitowa, 16 ga Afrilu 2020. Aka ɗage zuwa Satumba, aka ɗage zuwa Nuwamba, sa'an nan, bayan an riga an shelanta cewa aiki ya kammala an tura don buga faifai, aka sake ɗagewa zuwa 10 ga Disamba, har wasu marasa tarbiyya suka riƙa aika wa ma'aikatan barazanar kisa. Kafin ranar ta zo an riga an biya kuɗin kwafi miliyan 8. Abin da masu biyan ba su sani ba shi ne, 'yan jaridar da aka ba wasan su gwada, na kwamfuta kaɗai aka ba su, ba wanda ya ga yadda yake a tsofaffin na'urorin PlayStation 4 da Xbox One, waɗanda a lokacin su ne a ɗakunan mafi yawan jama'a. Da aka kunna sai ga mutane suna tafiya ba fuska, motoci na nutsewa cikin titi, wasan na tsayawa cik. Cikin mako guda Sony, mai PlayStation, ta cire shi daga kasuwarta ta ce a zo a karɓi kuɗi, bai koma ba sai Yuni 2021. Marcin Iwiński, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya fito ya ba da haƙuri, masu hannun jari suka kai ƙara. Adalci ne a faɗa cewa sun tsaya sun gyara, har zuwa 2023 wasan ya zama abin yabo. Amma wanda ya biya a 2019 ya jira shekara huɗu kafin ya sami abin da aka siffanta masa.

Fukaha'u sun halatta cinikin salam, wato a biya yanzu a karɓi kaya daga baya, da sharaɗin a san siffar kayan da adadinsu da ajalinsu, don gudun garari. Ba fatawa nake bayarwa ba, ba ni da wannan matsayi, amma duk wanda ya dubi yadda ake biyan kuɗin wasa tun bai fito ba zai ga siffar majigin talla ce, ajalin kuma a hannun mai sayarwa yake. Ga ɗan Kano ko Zinder da zai canza kuɗinsa ya biya dala 70, farashin manyan wasanni a yanzu, hasarar ba ƙarama ba ce, ga kuwa wasan da ake saukewa ta intanet ba ya ƙarewa a kanti balle a ce a yi sauri.

Wasu ma ba sa fitowa sam. Scalebound, da Microsoft ta sanar a 2014, an soke shi a Janairu 2017. Final Fantasy Versus XIII an sanar da shi a 2006, ya sauya suna, ya sauya jagora, ya fito bayan shekara goma a matsayin Final Fantasy XV.

Game da waɗanda ake dako yanzu, in aka tace zancen aka zubar da ƙila-wa-ƙala, abin da ya tabbata kaɗan ne. The Witcher IV an nuna shi a Disamba 2024, da Ciri a matsayin jarumar labari maimakon Geralt, jarumin na baya, kamfanin kuma ya gaya wa masu hannun jarinsa cewa ba zai fito kafin 2027 ba, wanda iyaka ce aka shata, ba alkawarin rana ba. Dragon Quest XII an sanar da shi a Mayu 2021, kuma tun daga lokacin biyu daga cikin ginshiƙan jerin sun rasu, mai kiɗa Koichi Sugiyama a 2021 da mai zane Akira Toriyama a 2024. Kashi na uku na sabon Final Fantasy VII Square Enix ta tabbatar ana aikinsa. Baldur's Gate 4 kuwa, wanda aka yi ta zato bayan nasarar na uku a 2023, Swen Vincke, shugaban kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam, ya yanke zancen a Maris 2024, ya ce ba su ne za su yi shi ba. Shi kansa taron E3, inda aka saba jin irin waɗannan sanarwa, an rufe shi kwata-kwata a Disamba 2023, kowane kamfani ya koma shelanta nasa a intanet ranar da ya ga dama. Bethesda ma ta gwada wata hanya da sabon Oblivion: ranar 22 ga Afrilu 2025 ta nuna shi, a ranar kuma ta sa shi kasuwa, ko da yake masu bin takardun kotu sun shekara ɗaya da rabi da sanin yana tafe.