Waƙar Haiku da Idon Kyamara

Haiku gajeriyar waƙa ce ta ƙasar Japan wadda ba ta wuce layi uku. A Japananci ana gina ta da sautuka 17: biyar a layin farko, bakwai a na tsakiya, biyar a na ƙarshe. Ba ta da amshi, ba ta da amsa-amo irin na rubutacciyar waƙar Hausa. Asalinta baitin buɗewa ne, mai suna hokku, na wata doguwar waƙa da mawaƙa ke haɗuwa su tsara bi da bi. Matsuo Basho (1644–1694) ne ya ɗaga darajar wannan baiti, sannan Masaoka Shiki (1867–1902) ya yaɗa sunan haiku a matsayin waƙa mai cin gashin kanta.

Ginshiƙai biyu ke riƙe da haiku. Na farko shi ne kigo, wato kalmar da ke nuna lokacin shekara, kuma Japanawa suna da littattafai na musamman, saijiki, da aka tattara irin waɗannan kalmomi a cikinsu. Na biyu shi ne yanka: waƙar takan rabu gida biyu, a ajiye abu kusa da abu ba tare da bayani ba, a bar mai karatu ya gano dangantakarsu da kansa.

Daga alƙalami zuwa hoto

Zumuncin haiku da zane tsoho ne. Yosa Buson, wanda ya rayu a ƙarni na 18, mawaƙi ne kuma mai zane, ya kuma shahara da haiga, inda ake haɗa zane da waƙa a takarda ɗaya. Shiki ya koyar da almajiransa su rubuta abin da idonsu ya gani kamar mai zana abin da ke gabansa. Da kyamara ta yawaita, hoto ya shiga gurbin zanen. A 1929 mai shirya fina-finai na Tarayyar Sobiyet, Sergei Eisenstein, ya kwatanta layukan haiku da jerin hotunan fim, inda ma'ana ke fitowa daga haɗuwar hoto da hoto. Mataki na gaba shi ne a ajiye kalmomin baki ɗaya, hoton ya ɗauki nauyin waƙar.

Ana yin haka ta hanya uku. Akwai hoto guda mai ɗauke da abu biyu da suka sha bamban, kamar babba da ƙarami ko mai motsi da tsayayye. Akwai hoto biyu gefe da gefe, inda tazarar da ke tsakaninsu ta zama yankan. Akwai kuma jerin hoto uku, kowanne a madadin layi ɗaya. A dukkansu sharaɗin ɗaya ne: a ga lokacin shekara a cikin hoton, kuma kada a faɗi komai ƙarara.

Alamomin lokaci a ƙasar Gumel

Wannan fasaha ta dace da ƙasa irin ta Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jigawa, domin lokutan shekara a nan ba su ɓuya. Manomi ya san zuwan shamuwa albishir ne na damina. Bishiyar gawo tana kaɗe ganye idan ruwa ya sauka, ta yi kore shar a rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe, saboda haka gawo maras ganye a tsakiyar gero mai kore ya isa ya ce damina ce. Kaka tana da dammunan gero a bakin rumbu, da riɗi da aka jingina ya bushe, da jan zoɓo a shanya. Hunturu yana da hazo da ke mai da rana fara fat, da masu jin ɗumi da asuba. Bazara kuwa tana da busasshen tafki da ƙasarsa ta tsattsage, da garke a inuwar kuka.

Kasuwar dabbobi ta Maigatari, da ke ci ranar Alhamis a kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, wuri ne da za a gane bambancin hoton rahoto da hoton haiku. Mai rahoto zai ɗauki cincirindon shanu da raƙuma da dillalai don ya nuna girman kasuwar. Mai haiku zai ɗauki sawun raƙumi a kan yashi, sai igiya a ɗaure jikin turke babu dabba, sai ƙurar motar da ta nufi kudu. Hotunan uku ba su nuna ciniki ba, amma mai kallo ya fahimci an sayar, an rabu.

Yadda ake ɗauka

Wayar hannu ta wadatar, domin aikin na ido ne da haƙuri. Hasken hantsi da na la'asar sun fi na tsakar rana, saboda suna fitar da inuwa da zanen yashi. Ana rage tarkace a cikin hoton, a bar fili mai yawa, sama ko rairayi, a kewaye da abin da ake nufi. Ba a shirya abin da za a ɗauka, ba a kuma cika shi da launukan manhaja, tunda darajar haiku tana ga abin da aka tarar yadda yake. Wajen jerawa, hoton da zai ba da mamaki yakan zo a ƙarshe, kuma take, idan akwai, bai kamata ya fassara hotunan ba.

Akwai kuma ladabin da ake kiyayewa. Ba a ɗaukar fuskar mutum sai da izininsa, musamman mata da yara, kuma a garin kan iyaka ana nisantar shingayen jami'an tsaro. Wannan ba ya rage wa aikin komai, domin hannu a kan ƙotar fartanya ko takalma a ƙofar masallaci sukan wadatar wajen nuna mutum da lokacinsa.